Masu shirin komawa bakin teku bayan ritaya

Jama'a, in za ku bar Kaduna ku koma Badagry ko Lekki, kar ku sayi gida da rani.
Ku kama haya tukuna, ku ga Yuni da Yuli da idonku.

Lokacin ne ruwa ke tona asirin unguwa, layin da dillali ya nuna muku fes a Janairu sai ku tarar mota ma ba ta shiga. Ku duba katangar maƙwabta, shatin ambaliya na nan. Ku kalli kwanon rufi da get, iskar gishiri na cin ƙarfe ba wasa.

Amma fa in damina ta yi sauƙi a shekarar, za ta ruɗe ku, sai ku tambayi mai shagon layin.
Kuma masu gida a Legas yawanci kuɗin shekara suke karɓa, in garatuti bai fito ba ku dakata.