Fita da yara masu buƙata ta musamman: kurakuran da sababbin malamai ke ta maimaitawa

Duk zangon da aka turo mana sababbin malamai nan Birnin Kebbi, sai an samu wanda ya jiyo a kwas cewa karatu a waje yana taimakon yara masu buƙata ta musamman, ya kwashi aji ya yi waje da su. Maganar gaskiya ce. Amma kuskuren bara shi ne na bana, har bakina ya gaji.

Babba a ciki shi ne fita ba ka san jikin yaran ba. Wa ke da sikila, wa ke da farfaɗiya, malami bai buɗe fayil ba, bai tambayi uwa ba. A watan Afrilu zafin Kebbi kan haura digiri 40. Mai sikila da ruwan jikinsa ya ragu ciwo ke tashi, haka ma sanyin hunturu da sassafe. Zabiya kuwa, jan da fatarsa ke yi a rana shi ke taruwa ya zama ciwon daji, don haka sai da malafa da riga mai dogon hannu.

Wani sabon malami da aka haɗa mu aji ya taɓa jan yara zuwa fadama kallon shinkafa ranar da ba na nan. Yaro mai farfaɗiya ya faɗi taku kaɗan daga bakin kududdufi. Sauran suka watse don a gida an ce masu wai yawun na yaɗa cutar, malamin kuma ya hau neman cokalin da zai tura masa a baki. Allah dai ya tsare. Washegari uban ya zo ya ce, "Malam, amana na ba ku, ban ce ku kai min shi bakin ruwa ba." Ya cire ɗansa, hedimasta ya hana fita har ƙarshen shekara, lambun yakuwa da muka raina da yaran ya bushe ƙurmus.

Haba jama'a! Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ba a sa komai a baki, ba a danne yaro. Ka kawar da duwatsu, ka sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa ka kwantar da shi ta gefe, idonka kan agogo. Ta wuce minti 5, sai asibiti. Ni tun lokacin ba na kusantar ruwa sai kowane mai farfaɗiya yana da babba a gefensa, kuma da bazara ƙarfe goma ta same mu a aji. Wasu abokan aiki na cewa na cika tsanani. Su ce.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don lalaci ne. Malami ya zaunar da yara gindin dogon yaro, ya tsaya yana zuba irin bayanin da zai yi gaban allo. To me aka fito yi? Ga shi ya juya wa rana baya, fuskarsa ta yi duhu, kurma ba ya ganin bakinsa balle maganar hannu. Kai ne za ka fuskanci rana. Makaho kuma ana ta ce masa "kun gani ko?" Ɗora hannunsa a jikin itacen. Ka ba shi tsamiya ya ɓare, ya lasa, ya ƙirga ƙwallayen, lissafin ranar ke nan. Ni nakan kai su ga gawo da rani su taɓa ganyensa, mu koma da damina su ji ya kaɗe alhali komai ya yi kore. Ba na ba su dalili sai sun tambaya, kuma sukan tambaya.

Sauran ƙanana ne. Keken guragu na cijewa a yashi, ka tura shi ba kowa a kai ka bi hanyar tun jiya. Mai rarrafe da hannu, a duba masa ƙarangiya. Kar ka ja makaho da sandarsa, ba shi gwiwar hannunka. Ba a shiga ruwan fadama, akwai tsargiya. Yaron da hayaniya ke firgitawa ba a kai shi Argungu ranar bikin kamun kifi, a kai shi gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ranar da ba taro, kuma a gaya masa tun kwana ɗaya kafin tafiya. Dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ce gine-ginen jama'a su yi hanyar keke, amma je ka duba da idonka, har da ban ɗaki. Hoton yaran kuwa kar in gan shi a Facebook ba da izinin iyayensu ba.