Lambar REAL a otomat: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk yaron da ya fara aikin otomat, wato PLC, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injina, a nan Yamai sai ya ɗauka REAL, wato nau'in ma'ajiyar lamba mai ɗigo, tana riƙe duk lambar da ya ba ta. Ina! Bit 32 ce kacal, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985: ɗaya na alama, 8 na girman lambar, 23 na ƙwayoyinta. A lambar da kake gani a allo, ƙwayoyi wajen bakwai ne na gaskiya, sauran kintace.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne tara jimillar ruwa a REAL. An kira ni wani gidan famfo, wai ma'auni ya mutu. Injin na ruri, ruwa na tafiya, allo ya ƙafe a 16,777,216. Har sun sayi sabon ma'auni, ni ma na ɓata lokaci ina bin waya a banza. Ashe mai rubuta shirin lita ɗai-ɗai yake ƙarawa, alhali daga wannan adadi REAL bibbiyu take tsallakawa, ɗaya ba ya shiga sam. In 0.1 kake ƙarawa, tun a 2,097,152 za ka tsaya, kuma tun daga 524,288 tana saka 0.125 a madadin 0.1. Wannan ya fi muni, don babu mai lura. Ni dai da DINT, ma'ajiyar cikakkiyar lamba marar ɗigo, nake ƙirga lita, in ta cika dubu in ƙara ɗaya a mita kubik. Wasu sun fi son LREAL mai bit 64, amma ba kowane otomat ke da ita ba.

Sai gwada REAL da sharaɗin "daidai da". Haba ƙannena, wa ya koya muku? Kun ce bawul ya rufe in tanki ya kai 2.5 cif, ma'auni ya tashi daga 2.4987 zuwa 2.5012, ruwa ya malale tsakar gida kuna kallo. Allon ma ruɗinku yake, 2.5 ɗin da ya nuna taƙaitawa ce. Ku sa "ya kai ko ya wuce".

Ta Modbus kuwa, wato hanyar da na'urori ke aika wa juna bayanai, rajista (gurbin ajiye lamba) bit 16 ce, REAL rajista biyu take ci. In zafin inji ya fito wata lamba ta hauka, juya rajistocin kafin ka zargi kowa.

In za ka yi lissafin rabawa, duba mai rabawar kada ya zama sifili. Kwamfutar da aka saita da Faransanci kuma waƙafi take so, 2,5, ba ɗigo ba. A tuna da haka wajen kwaso bayanai zuwa Excel.