Yadda ake binciken albashin masu horar da 'yan ƙwallo a Najeriya

Kusan duk shekara nakan ga wani ɗalibi ko matashin ɗan jarida ya ƙuduri aniyar gano nawa ake biyan masu horar da 'yan ƙwallo a ƙasar nan. Zai buga fom mai tambayoyi ashirin, ya zagaya filaye na tsawon mako biyu, sannan ya dawo da alƙaluman da duk wanda ya taɓa zama a bencin wata ƙungiya zai gane da kallo ɗaya cewa ba su yi kama da rayuwar kociyoyin ba. Ni ma da wannan kuskuren na fara, kuma ya ci mini aikin wata guda, shi ya sa zan fi daɗewa a kan wurin da ake yin tuntuɓen. Maganar tsara fom da rubuta gabatarwa kuwa na bar wa mai karatu, domin duk wanda ya kai ga tunanin wannan bincike ya riga ya san su.

Abu na farko shi ne ka yanke shawarar waɗanne kociyoyi kake nufi, ka kuma rubuta shawarar a takarda kafin ka taka ko'ina. Kalmar koci tana ɗauke da mutanen da ba abin da ya haɗa aljihunsu. Akwai masu horarwa a babbar gasar NPFL mai ƙungiyoyi 20, akwai na gasar NNL da ke biye mata, da na NLO a ƙasa da ita, da kuma na gasar mata. A cikin ƙungiya ɗaya ma za ka tarar da babban koci da mataimakansa da mai horar da masu tsaron raga da mai kula da motsa jiki, kowa da matsayinsa. Can ƙasa kuma ga kocin unguwa da malamin wasanni na sakandare. Wanda ya zuba waɗannan duka a tukunya ɗaya ya fitar da adadi guda, bai faɗi albashin kowa a cikinsu ba. Ni dai a wurina doka ce: bincike ɗaya, nau'in wasa ɗaya, kuma kada rukunan su wuce uku.

Ka kuma raba ƙungiyoyin bisa mai su, domin hanyar da kuɗi ke bi ta bambanta. Mafi yawan manyan ƙungiyoyin Arewa, irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Wikki Tourists ta Bauchi da Niger Tornadoes ta Minna, mallakar gwamnatocin jihohinsu ne, saboda haka kuɗinsu yana jiran sa hannu da sakin kuɗi daga gwamnati. Remo Stars ta Ikenne kuwa, wadda ta lashe gasar a 2025, ta ɗan kasuwa ce. A ƙungiyoyin gwamnati za ka iya haɗuwa da kocin da asalinsa ma'aikacin hukumar wasanni ta jiha ne, yana karɓar albashinsa bisa matakin aiki kamar kowane ma'aikaci, sannan ƙungiya ta ɗora masa alawus a kai. Idan fom ɗinka ba shi da tambayar da za ta fito da wannan, za ka rubuta rabin kuɗin mutumin kana zaton duka ne.

Mataki na biyu shi ne samun jerin sunaye. Ka nufi hukumar ƙwallon ƙafa ta jiharka da reshen ƙungiyar masu horarwa, ka nemi jerin ƙungiyoyin da suka yi rajista a wannan kaka, daga nan ka zaɓi waɗanda za ka je wurinsu. Idan yawansu bai kai ɗari ba, ka nemi kowa da kowa. Kada ka yarda da gajeriyar hanyar nan ta jefa fom a zauren WhatsApp na kociyoyi ka koma gefe kana jiran amsa. Tana da arha, ba ta cin kuɗin mota, amma waɗanda za su cike shi su ne matasa masu babbar waya da kuma waɗanda ransu ya ɓaci da shugabannin ƙungiyarsu. Dattijon da ya yi shekara talatin yana horar da yara a filin makaranta ba zai buɗe shi ba, alhali labarinsa kake fi buƙata. In kuɗin zirga-zirga ya yi maka yawa, gara ka rage faɗin binciken zuwa birni ɗaya ka yi shi da ƙafarka.

Yanzu mun zo wurin da aikin ke lalacewa, wato ita kanta tambayar kuɗin. Kusan kowa yakan rubuta, "Nawa ne albashinka a wata?" Wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya a ƙwallon Najeriya, domin aƙalla adadi uku ne ke yawo a kan kowane koci: wanda aka rubuta a kwantiragi, wanda shugaban ƙungiya ya yi alkawari da baki, da wanda ya shigo hannu. Mutum zai ba ka wanda ya fi masa daɗin faɗa, kuma bai yi maka ƙarya ba.

Na fahimci haka ne bayan na riga na tattara amsoshi masu yawa. Wata safiya na je filin atisaye, na tarar da mataimakin kocin wata ƙungiya yana tattara ƙwallaye cikin buhun raga, 'yan wasa uku suna zaune kusa da mu suna kwance igiyar takalma. A gabansu na yi masa tambayar, ya faɗi adadi ba tare da ya ɗago kai ba, na rubuta na yi godiya. Bayan kwana biyu muka haɗu a shagon mai shayi, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, wancan da na faɗa maka na takarda ne. Zo ka ga na gaskiya." Ya buɗe wayarsa yana nuna mini saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ga wata an biya cikakke, ga wata an biya rabi, ga watanni a jere babu komai sai ɗan ladan wasa. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa tun farko ba, sai ya ce, "Yaran nan suna ganina da mutunci. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Daga ranar na soke duk amsoshin da na karɓa a bainar jama'a, na koma farko.

Rufin asiri yana karkatar da amsa ta ɓangare biyu, kuma ya kamata mai bincike ya san duka biyun. Wani zai ƙara don kada a raina shi, wani kuma zai rage, ko don kada 'yan uwa su ji su ɗora masa nauyi, ko don yana zaton ka zo daga wata ƙungiyar agaji da za ta kawo tallafi. Saboda haka tun a gaisuwa ka bayyana masa cewa ba ka raba komai, ba kuma shugabanninsa ne suka turo ka ba.

Gyaran shi ne ka farfasa tambayar, ka kuma ɗaure ta da lokaci. Ka fara da kwantiragi: akwai shi a rubuce ko babu, na shekara nawa ne, nawa aka rubuta, kuma shin an ba shi kwafi ya riƙe. Daga nan ka zana layi goma sha biyu, na watanni goma sha biyun da suka wuce, ku bi su tare ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, "Koci, a wannan watan nawa ne ya shigo?" Ka roƙe shi ya duba saƙonnin bankinsa da kansa, amma kada ka karɓi wayar a hannunka, kada kuma ka ɗauki hoton komai. Sai ka zo ga sauran kuɗaɗen, kowanne da gidansa a fom: kuɗin sa hannu, da nawa aka biya daga ciki; ladan wasa, wanda galibi ya bambanta tsakanin nasara a gida da nasara ko canjaras a waje; alawus na sansani da na tafiya; sai gida ko mota ko abinci idan ƙungiya ce ke ɗauka. Ladan wasa ba ƙaramin abu ba ne, tunda cikakkiyar kaka a NPFL wasa 38 ce ga kowace ƙungiya, kuma ga mataimakan kociyoyi sau da yawa shi ne ke riƙe gida lokacin da albashi ya maƙale. Tambaya ta ƙarshe a wannan sashe ita ce bashin da yake bi: na wata nawa, kuma na wannan ƙungiyar ne ko na wadda ya baro.

Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don nuna lissafin kawai. A ce kwantiragi ya ce naira 200,000 a wata, amma a cikin watanni 12 an biya 7. Abin da ya shigo shi ne naira 1,400,000, wanda idan ka raba gida 12 zai ba ka kusan naira 116,700 a wata. Wanda ya tsaya a tambayar albashin wata kawai zai buga 200,000 a rahotonsa, kai kuma za ka buga adadin biyu gefe da gefe, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce babban abin da bincikenka ya gano. Kada wani ya ce maka wannan matsalar ƙananan ƙungiyoyi ce kaɗai. Stephen Keshi, wanda ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 2013, ya yi ta bin albashinsa na watanni, kuma Gernot Rohr, bayan an sallame shi daga horar da Super Eagles a Disamban 2021, sai da ya kai ƙara FIFA, wadda a 2022 ta umarci hukumar ƙwallon Najeriya ta biya shi kusan dala 378,000. In mai horar da Super Eagles zai bi bashi, ba hujjar da za ta sa ka ɗauka cewa an biya kocin ƙaramar ƙungiya kawai saboda takarda ta ce a biya.

Ga kocin unguwa tambayoyin sukan sauya, domin shi babu kwantiragi balle albashi. Ka tambaye shi game da karo-karon da yara ko iyayensu ke yi, da abin da ake samu a gasannin da 'yan siyasa da masu hali ke sa wa kofi, da ɗan kason da yake samu idan yaronsa ya koma babbar ƙungiya, sannan ka tambayi abin da yake kashewa daga aljihunsa wajen sayen ƙwallo da ruwa da kuɗin motar zuwa wasa. Ka tambayi sana'ar da ke ciyar da shi, ko ɗinki ne ko koyarwa ko tuƙin adaidaita sahu. Wanda ya ce ba ya samun ko sisi, ka rubuta sifili a gidan, kada ka bar shi babu komai, domin a wajen lissafi kwamfuta tana tsallake gidan da ba a cike ba, sai ka wayi gari waɗanda suka fi kowa wahala sun ɓace daga bincikenka.

Lokacin zuwa ma yana da ƙa'ida. Ban yarda a je ranar wasa ba, ko washegarin shan kashi. Ƙarshen kaka ya fi, lokacin da lissafin shekara ke sabo a kan mutum. Ku zauna ku biyu kaɗai, nesa da fili. Fom na takarda ya wadatar. Mai son waya kuma zai iya amfani da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, wadda ke aiki ko babu intanet, amma na lura dattawa sun fi sakin jiki da biro da takarda fiye da wayar da suke zargin tana naɗar murya. Ka ƙara tambayoyi kaɗan kan shekarun aiki da takardar shaida, wato ko yana da lasisin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, na matakin A ko B ko C ko D, ko kuma ya yi kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, domin nan ne za ka ga ko karatu yana ƙara kuɗi a aikin. Bayan ka gama da kociyoyi ka nemi sakatare ko akawun ƙungiyoyi kaɗan ka ji nasu adadin a kan kowane muƙami, ba tare da ka ambaci abin da wani ya faɗa maka ba.

Lissafin ba shi da wuya, Excel ya isa. Kada dai ka haɗa kuɗin duka ka raba da yawan mutane, domin babban koci ɗaya zai ja adadin sama. Ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya. A wani misalin na ƙirƙira, mutum bakwai masu samun dubu 60 da 70 da 80 da 100 da 120 da 150 da kuma miliyan 1.5, rabawa za ta ba ka kusan dubu 297, adadin da shida daga cikinsu ba su taɓa gani ba, alhali na tsakiya dubu 100 ne. Ka yi haka ga kowane rukuni daban. Ka rubuta watan da shekarar da ka tattara bayanan, ka kuma auna su da mafi ƙarancin albashi na lokacin, wanda ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Ka yi hattara da kwatanta naira ta yau da ta shekarun baya, tunda dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Wajen wallafawa, kada suna ya fito, kada kuma siffa ta tona mutum. Idan ka rubuta "mai horar da masu tsaron raga na ƙungiyar NPFL a jiha kaza", ka riga ka faɗi sunansa, tunda shi kaɗai ne, kuma aikinsa ne ka sa a haɗari. Duk rukunin da bai kai mutum biyar ba ka haɗe shi da na kusa da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta sa yardar mutum cikin hujjojin da ke halatta sarrafa bayanansa, saboda haka ka karɓi yardar tun farko. Kowane fom ya ɗauki lamba a maimakon suna, takardar da ta haɗa lambobi da sunaye kuma ka ajiye ta daban a inda kai kaɗai ka sani, ka ƙona ta da zarar ka gama tantance amsoshin.