Yadda Ake Haɗa Zaɓaɓɓun Rubuce-rubucen Mako Daga Intanet

Idan kana son ka riƙa fitar wa jama'a abin karantawa kan siyasa, fasaha da al'adu duk ƙarshen mako, a zauren WhatsApp ne ko ta imel, fara da taƙaita wuraren da kake ɗebowa. Goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. Da sun wuce haka, kanun labarai kawai za ka riƙa leƙawa, ka tura wa mutane abin da kai kanka ba ka karanta ba.

A siyasa akwai Premium Times, Daily Trust da Aminiya, ga sassan Hausa na BBC, DW da RFI, ga Studio Kalangou ga mai bin al'amuran Nijar. HumAngle ta fi mai da hankali kan rashin tsaro da 'yan gudun hijira. A fasaha, TechCabal na bin kamfanonin Afirka, Rest of World kuma na duba yadda fasaha ke shafar ƙasashen da ba na Yamma ba. Dogayen maƙaloli kan tarihi da al'adu ana samun su a The Republic, Africa Is a Country da The Conversation, inda malaman jami'a ke rubutu da kansu.

Kada ka riƙa zagaya shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, data da lokaci za su tafi a banza. Sauke Feedly ko Inoreader, manhajoji ne masu tattaro sabbin rubuce-rubuce wuri guda ta hanyar RSS, wato tsarin da shafi ke sanar da manhaja duk sabon abin da ya buga, kuma dukansu suna da tsarin kyauta. Yawancin shafukan da aka gina da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, idan ka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsu, manhajar za ta kama su. Na Substack, dandalin da marubuta ke fitar da rubutunsu ta imel, ma haka. Inda ake yin kuskure shi ne ɗaukar babbar jarida gaba ɗayanta. Kafin azahar ta cika maka manhaja da sanarwar gwamnoni da labarin ƙwallo, maƙala mai kyau ta nutse a ciki. Shiga sashen da kake so, na ra'ayi ko na binciken ƙwaƙwaf, ka ƙara /feed a adireshin sashen kaɗai.

Ga maudu'in da kake bibiya na dogon lokaci, saka shi a Google Alerts, zai riƙa aiko maka da imel idan sabon rubutu ya fito a kansa. Amma fa ka tuna da ƙugiya. Wasu jaridu suna rubuta "ƙasa", wasu "kasa", wasu har "k'asa", don haka ka nemi kalmar da kowace siga, ka sa OR a tsakaninsu.

Raba tarawa da karantawa. Kullum minti goma sha biyar, ka duba kanu da sakin layi na farko, abin da ya ja hankalinka ka adana shi ka wuce. Zuwa Alhamis za ka tara talatin ko arba'in. Sai ka zauna ka karanta su har ƙarshe, ka fitar da bakwai zuwa goma. Abin da ka gaji da shi a tsakiya, mai karatunka ma zai gaji, jefar da shi. Instapaper na adana rubutu a karanta ba tare da data ba, amma ka riƙe naka jerin a fayil na daban, da kanu da adireshi da kwanan wata. Manhajoji kan mutu: Google Reader mai tattaro rubutu ya rufe a 2013, Pocket mai adana rubutu ya bi sahu a watan Yulin 2025, kuma duk wanda bai kwashe kayansa a kan lokaci ba ya yi asararsu.

Tantancewa ce ta fi cin lokaci, kuma a nan ake jin kunya idan an yi sakaci. Duba kwanan wata a cikin shafin kansa, domin labarin ƙarin kuɗin mai ko na yajin aikin malaman jami'a na shekarun baya yakan dawo yawo kamar yau ya faru. Idan kana shakka, kwafi jimla guda daga ciki, ka sa ta tsakanin alamun zance a Google, ka ƙara before:2024-01-01, wato ya nuna maka abin da aka buga kafin wannan ranar kawai. In ta fito, tsohon zance ne. Sannan nemi tushe. Shafuka biyar da suka kawo labari da kalmomi iri ɗaya ba shaidu biyar ba ne, galibi duk daga kamfanonin dillancin labarai irin su NAN, Reuters ko AFP suka ɗauko, ko daga takardar da wani kakaki ya raba. Tura na asalin. Hoto kuwa, sa shi a Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara bayyana, kuma ka leƙa Dubawa da Africa Check ko sun riga sun bincika batun. A ɓangaren fasaha, lura da rubutun da kamfani ya biya aka buga. Akan rubuta hakan da ƙananan haruffa a sama ko a ƙasa, ido na saurin tsallake shi.

Kafin ka tura adireshi, share wutsiyarsa. Duk abin da ya fara daga ?utm_ ko ?fbclid= na bin sawu ne, cire shi, ka sake buɗewa ka tabbatar shafin na aiki. Rubutun siyasa mai zafi kan ɓace ko a gyara shi a ɓoye, saboda haka ka adana kwafinsa a web.archive.org, akwai gurbin da ake liƙa adireshi a ajiye shafi nan take.

A ƙarƙashin kowane rubutu, jimla biyu ko uku da bakinka: wa ya rubuta, me yake da'awa, me ya sa ya cancanci lokacin mutum. "Wannan ya yi kyau, ku karanta" ba bayani ba ne. Faɗi ko rahoto ne ko ra'ayi, da wane harshe aka rubuta, da ko sai an biya kuɗi kafin a buɗe. Raba yawan kalmomi da 200, ka samu kimanin mintunan karatu, ka rubuta su. Idan batun ana jayayya a kansa, kamar dokar haraji ko ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, kawo mafi ƙarfin rubutu daga kowane ɓangare, kada ka zaɓo wa abokin hamayya mafi rauninsa.

Kada ka kwafe maƙala sukutum ka liƙa, haƙƙin mai ita ne. Jimla ɗaya ko biyu da adireshi sun wadatar. A WhatsApp, adireshi ɗaya ne kawai ke fitowa da hoto a saƙo guda, yawanci na farko, don haka sa wanda ka fi so a karanta a sama. In kuskure ya kuɓuce maka, gyara shi a farkon fitowa ta gaba, ka ambaci rubutun da abin ya shafa.