Koyar da matasa ƙagaggen rubutu a watannin duhu: inda muke kuskure

Kalmar hunturu ce ta fara yaudarata. A gida hunturu hazo ne da ƙura da kaushi da tsagewar leɓe, amma rana tana nan daram, ko a Disamba Kano ba ta rasa awa 11 na haske. A Gilasgo ta ƙasar Sikotland kuwa, ranar 21 ga Disamba rana kan fito wajen ƙarfe 8:45 ta faɗi wajen 3:45. Awa 7 ke nan, su ma galibi gajimare ya lulluɓe su. Azahar da la'asar da magariba duk sukan zo su wuce cikin awa 3 da rabi. A nan Gilasgo ina da ajin Asabar inda nake koya wa 'ya'yan mutanenmu, 'yan shekara 13 zuwa 17, rubuta labari da waƙa. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ajin ya zama wani iri: hamma, kwanciya a kan tebur, takarda fara fat. Kurakuran nan da zan kawo yawancinsu ni ma na tafka su.

Babba a cikinsu shi ne kiran abin lalaci. Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malama, ki matsa masa, yaron nan son jiki ne kawai, barci kamar kasa." Na ce, "Hajiya, a watan Yuni ma haka yake?" Ta yi shiru, ta ce a'a. To amsar ke nan. Likitan ƙwaƙwalwa Norman Rosenthal, wanda ya tashi a Afirka ta Kudu ya koma Amurka, da kansa ya ji yadda sanyin can ke kashe masa jiki, kuma a 1984 shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan damuwa mai zuwa da lokaci a matsayin larura, wadda ake taƙaita sunanta da SAD. Hasken da ke shiga ido da safe shi ke saita agogon jiki. In dare ya yi ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, haske ne ke tsayar da shi. Idan gari ya ƙi wayewa, sai jiki ya ci gaba da zaton dare ne. Daga nan yawan barci, kwaɗayin zaƙi da burodi, da gudun mutane. Matasa kuma nasu biyu ne, domin balaga da kanta takan tura agogon jikinsu baya, su kasa barci da wuri su kasa tashi da wuri. Ba kowane mai kasala ne ke da larurar ba, da yawa ɗan ƙunci ne mai sauƙi. Amma faɗa da gori ba sa gyara ko ɗaya, balle a ce wa yaro raunin imani ne.

Gyaran farko haske ne, kuma da safe. Mutane kan ce ai babu rana a waje, me za a fita yi? Nan ma kuskure ne. A ma'aunin ƙarfin haske da ake kira lux, ɗaki mai fitila yakan ba da tsakanin 100 zuwa 500, alhali waje ko da gajimare yakan kai 1,000 ko fiye. Ajina da farko ƙarfe 4 na yamma yake, a wani ɗaki marar taga, saboda lokacin ya fi yi wa iyaye daidai. Na mayar da shi ƙarfe 11 na safe, na nemi ɗaki mai taga, kuma minti 15 na farko a waje muke yi, kowa da rigar sanyinsa da ɗan littafi a aljihu. Sharaɗin ɗaya ne: ka dawo da abu uku da ka gani ko ka ji ko ka shaƙa. Sun yi ƙorafi mako biyu, daga baya su ke tuna min.

Malamin ma ba dutse ba ne. Na daɗe ina ganin matsalar ta yara ce, ni kuwa ina duba rubutunsu har ƙarfe ɗayan dare, waya a hannu, shayi kofi bayan kofi, da safe in tashi da haushin kowa. Da na sayi wata fitila ta musamman mai lux 10,000 da ake amfani da ita don rage wannan larura, sai na riƙa kunna ta da daddare lokacin da nake aiki, barcin ya ƙara gudu. Da safe ake zama gabanta, minti 20 zuwa 30, tana gefe, ba a zura mata ido. Mai ciwon ido ko larurar da ke sa yanayin mutum hawa da sauka sosai ya fara ganin likita tukuna. Sai bitamin D: hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba kowa shawarar shan mikrogiram 10 kullum a lokacin kaka da sanyi, masu baƙar fata irinmu kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. A sha don ƙashi da tsoka, kada dai a ɗauka shi kaɗai zai yaye ƙunci.

A kan rubutun kansa, kuskuren da na fi gani shi ne aiki mai girma. "Ku rubuto gajeren labari, shafi 5, ku kawo mako mai zuwa." A watan Mayu wasu za su kawo. A Janairu, ga jarrabawar gwaji a makarantunsu, ga jiki a mace, ba wanda zai kawo, kuma wanda bai kawo ba kunya za ta hana shi dawowa. Yanzu a cikin aji ake rubutun, minti 10 da agogo, alƙalami ba ya tsayawa, ba gogewa. Ba na ba da jigo irin su "uwa" ko "abota", abu nake ajiyewa a tebur: safar hannu ɗaya da aka tsinta a tashar bas, tikitin jirgin ƙasa, kwalbar man zafi da ta ƙare. Tambaya ɗaya: na wa ne, kuma me ya hana shi dawowa ya ɗauka? Minti 10 sau 8 ya fi shafi 5 da ba a rubuta ba, kuma daga waɗannan gutsattsarin ake zaɓar wanda za a faɗaɗa.

Akwai wani kuskure da kyakkyawar niyya ke haifarwa, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Malami ya ga yara a takure, ya taɓa jin cewa rubutu magani ne, sai ya ce, "Kowa ya rubuta abin da ke damunsa, sannan mu karanta." Gaskiya ne masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker ya yi bincike a 1986 inda ɗaliban jami'a suka yi rubutun minti 15 kwana 4 a jere a kan abin da ya taɓa girgiza su, aka kuma ga sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo. Sai dai manya ne, a keɓe suka rubuta, ba wanda ya sa su karanta wa tsaransu, kuma da yawansu sun ji ransu ya ƙara ɓaci da gama rubutun. 'Yar shekara 14 da ta karanta sirrin gidansu gaban yaran da iyayensu ke haɗuwa a masallaci ɗaya da taron suna ɗaya, an cuce ta. Ka ba su mutumin da za su ɓuya a bayansa: direban bas, kaka, baƙon da ya sauka jiya. Abin da ke ransu zai fito ta bakinsa gwargwadon yadda suka so. Karatu a fili kuma ganin dama ne, wanda ya ce a wuce shi a wuce shi ba tambaya.

Idan labari ya zo da duhu fa? Kada a firgita don an ga mutuwa ko jini, matasa na son irin wannan tun fil azal, mu ma da tatsuniyar dodo muka tashi. Abin lura shi ne rubutun da ya daina zama labari ya koma bankwana, ko mai bayyana yadda mutum zai cutar da kansa, musamman in yaron ya daina cin abinci ko ya janye daga abokai. A nan ka kira shi gefe ka tambaya kai tsaye, cikin natsuwa. Tambayar ba ta dasa tunanin. Kada ka yi alkawarin rufa asiri, ka gaya masa wanda za ka sanar da dalili, a kai maganar ga mai kula da kariyar yara na wurin da iyaye, a ga likita. Lambar Childline, layin wayar taimakon yara na Birtaniya, 0800 1111, kyauta ce, tana rubuce a bangon kowane littafin ajina.

Jan biro kuwa a ajiye shi sai bazara. Abu ɗaya da ya yi kyau, tambaya ɗaya, ya isa. In Hausa da Turanci sun cakuɗe a jimla, a bar su, haka suke magana a gida.

Kuskure na ƙarshe nawa ne ni kaɗai, kewar gida ta jawo shi. Duk lokacin da duhun ya ishe ni sai in ce su rubuta hawan sallah ko kasuwar Kurmi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa sau ɗaya na je Kano, ina shekara 4. Abin da na tuna sauro ne." Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Ashe ni ke neman rana a takardunsu. Na ce to ta rubuta abin da ta sani, ta rubuto yadda mahaifinta ke kankare ƙanƙara daga gilashin mota da katin banki bayan asuba, yana addu'ar fita daga gida, tururi na fita daga bakinsa. Shi muka zaɓa ya buɗe taron karatun da muke gayyatar iyaye, wanda a da nake sawa a Disamba, lokacin da kowa ya fi galabaita. Yanzu na mayar da shi Asabar ta farko bayan Lahadin ƙarshe ta Maris, in an tura agogo gaba, iyaye su zo da rana su koma da rana.