Yadda Za a Rage Shan Wuta da Hayaƙi a Gine-ginen Jami'a

A fara da awo. A sa wa kowane gini mitarsa, a riƙa duba ta da tsakar rana da kuma ƙarfe biyu na dare har tsawon wata guda. Ginin da babu kowa a ciki amma mita na gudu, a nan ɓarnar take.

Na'urar sanyaya ɗaki ce ta fi cin wuta. A tsayar da ita a kan digiri 24 ko 25, saboda kai ta 16 ba ya hanzarta sanyi, sai dai kwamfireso, wato injin cikinta mai samar da sanyin, ya yi ta aiki babu hutu. A wanke matatarta duk bayan mako biyu a lokacin hunturu, domin ƙura na toshe iska. A toshe ƙasan ƙofa, a yi wa tagogin yamma rumfa, a shafa wa rufin kwano farin fenti.

Doguwar fitila mai wat 36 kuwa, a musanya ta da LED mai wat 18. Guda 100 masu aikin awa 10 za su rage kilowat-awa 18 kullum.

Janareto ma a kula da shi. Kowace litar dizal na fitar da iskar kabon kimanin kilo 2.7, kuma babban inji mai ɗaukar ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba ya ƙona mai sosai, yana tara baƙin maiƙo a salansa. Gara a tattara karatun dare a gini ɗaya, a kunna ƙarami.

Inda akwai sola, kamar wadda aka ƙaddamar a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, a wanke farantan da sassafe kafin su ɗau zafi.