Yadda Ake Kwashe Kaya Daga Tsohuwar Laftof Zuwa Sabuwa

Kwanakin baya wani ƙanena mai sayar da hatsi a Mile 12 ya kira ni hankalinsa a tashe. Ya je Computer Village da ke Ikeja ya ba da tsohuwar laftof ɗinsa, ya yi ciko aka ba shi wata tokumbo mai kyau. Sai da ya dawo gida Agege ya tuna lissafin bashin da yake bin mutane na shekara 3 yana cikin waccan. Washegari da sassafe ya koma, ya tarar an riga an goge ta tas. "Yaya, yanzu ya zan yi?" Wallahi ban da amsar da zan ba shi, abin ya tsaya mini a rai. Saboda haka kafin komai, kada tsohuwar ta bar hannunka sai ka ga kayanka sun buɗu a cikin sabuwar da idonka.

Fara da sanin yawan kayan. A Windows, buɗe faifan C, shiga Users, ka danna dama a kan foldar da ke ɗauke da sunanka, ka zaɓi Properties. Nan za ka ga girmanta da adadin fayilolin da ke ciki. Rubuta lambobin biyu a takarda, za su yi amfani a gaba. Da su za ka san ko filashi zai wadatar, ko sai ka nemi faifan ajiya na waje. Filashi da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura 4GB, shi ya sa bidiyon biki yake ƙin shiga alhali ga wuri. Mayar da filashin tsarin exFAT, wanda Windows da Mac duk suna karantawa, amma ka sani yin hakan yana share abin da ke cikinsa. Ka kuma guji filashin bakin titi mai arhar banza. Wasunsu girman da aka rubuta a jikinsu ƙarya ne, sai daga baya ka ga fayiloli sun lalace.

Sa laftof ɗin a caji har ta cika. Yawancin tsofaffin nan batirinsu ya mutu, Nepa na ɗaukewa suke mutuwa, don haka in taka haka take, bari sai an tada janareta.

Yanzu kwashewa. Ka yi Copy, kada ka yi Cut. In aka samu tangarɗa a tsakiya, wanda ya kwafa bai rasa komai ba, wanda ya yanke kuwa sai ya rasa gane me ya tafi, me ya rage. Ɗauki foldojin ɗaya bayan ɗaya: Desktop, Documents, Pictures, Videos, Music, sai Downloads. Wannan ta ƙarshe ita aka fi mantawa, alhali a cikinta rasitan banki da takardun makarantar yara da karatuttukan malamai suke taruwa. Leƙa faifan D in akwai shi, domin masu gyara kan ajiye wa mutum kaya a can. Mai amfani da Outlook ya fitar da wasiƙunsa a fayil ɗin .pst ya haɗa da su.

Akwai wani tarko. In ka ga alamar gajimare a gefen fayil, to yana OneDrive ne, wato ma'ajiyar Microsoft da ke intanet, ba ya cikin na'urar, kuma sai da intanet zai sauko. OneDrive yana ba da 5GB kyauta, Google Drive 15GB. Ni dai ba na ba da shawarar tura duka kayan ta can, da tsadar datan nan. Takardun da ba ka da madadinsu, irin su lissafin shago da takardar haya, su kaɗai za ka ɗora, ya zama suna wuri biyu.

Saituna sun fi sauƙi. A Chrome, shiga da asusunka na Google ka kunna Sync, shafukan da ka adana da kalmomin sirri za su bi ka duk inda ka shiga. Ana iya fitar da kalmomin sirri a fayil ɗin CSV, sai dai a buɗe suke, duk wanda ya samu ya karanta, don haka in ka yi haka goge shi da zarar ka gama. Manhajar Windows Backup kuma tana ɗaukar saituna da Wi-Fi ɗin da ka taɓa shiga, muddin kana da asusun Microsoft. Manhajoji su ba sa kwafuwa, sai an sake girka su, don haka rubuta sunayensu ka nemo lasisin waɗanda ka saya. Mai komawa Mac yana da Migration Assistant, wanda ke ɗauko kaya har daga Windows.

A sabuwar, in tokumbo ce, duba ko asusun mai ita na farko yana nan. In yana nan, a sake mata Windows tun a shagon. Ka tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Daga nan shiga da asusunka, jona faifan, ka zuba kowace folda a takwararta. Kada ka manta da ƙara allon rubutu na Hausa a sashen harshe, don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai.

Ɗauko takardar nan ka gwada jimillar, sannan ka gwada adadin fayilolin kowane ɓangare da na tsohuwar. Ba lalle jimillar ta zo daidai ba, saboda ɓoyayyar foldar AppData da ba ka kwafa ba, amma Documents da Pictures dole su yi daidai da na tsohuwar. Buɗe wasu hotuna, kunna bidiyo biyu ko uku har tsakiya, buɗe lissafinka na Excel. Yi aiki da sabuwar kamar mako 2 tsohuwar na ajiye a gida, a nan ne abin da ka manta zai nuna kansa.

Sai sallamar tsohuwar. Jefa fayil a kwandon shara ba gogewa ba ce, mai gyara zai iya dawo da shi, kuma hotunan iyalinka ba abin bari a hannun baƙo ba ne. Cire WhatsApp ɗinta daga wayarka ta Linked devices, ka fita daga asusunka na Google da Microsoft. Sannan shiga Settings, nemi Recovery, danna Reset this PC, zaɓi Remove everything, ka shiga Change settings ka kunna Clean data. Yana iya cin awanni, don haka fara shi da daddare tana jone da wuta. Da safe in ta tashi tana tambayar ƙasa da harshe kamar sabuwa, kashe ta a nan, ka sa a jaka ka nufi Ikeja.